A fara neman jirgin kafin a nemi sunan kaka

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, muna roƙon ka ba mu fili mu yi bayani a kan wata tambaya da ke yawan tasowa a zaurukan Hausawan Legas, daga Agege zuwa Idi-Araba, Obalende da Ijora. Mutum ya taso ya ji ana cewa kakansa ya yi aikin jirgin ruwa, har ya taka Ingila, amma ba wanda ya san wane jirgi ne, wace shekara, ko ina ya ƙare. Jikoki sukan buga sunansa a intanet, su ga ba abin da ya fito, sai su haƙura, su ce ai Turawa ba su damu da rubuta baƙar fata ba. Sun rubuta, da yawa ma. Abin da ke akwai shi ne yawancin takardun ba da sunan mutum aka jera su ba, da jirgi aka jera su. Wanda ya san jirgi da shekara ya kama hanya. Wanda sunan kaka kaɗai ya riƙe zai daɗe yana lalube.

Tun farko sai a tantance wane irin aikin ruwa ake nufi. Hausawa ba su ne suka cika jiragen teku ba. Har zuwa Yaƙin Duniya na Biyu, kamfanin Elder Dempster na Liverpool, wanda ya mamaye sufurin gaɓar Afirka ta Yamma, ya fi ɗaukar mutanen Kru 'yan asalin Laberiya, galibi daga Freetown ta Saliyo. Sai a lokacin yaƙin ne ya fara ɗibar ma'aikata masu yawa a nan Legas, su ma akasarinsu 'yan Kudu ne. 'Yan Arewa sun shiga, amma da yawa daga waɗanda iyali ke tunawa a matsayin masu aikin ruwa, a wani wurin suka yi shi: jiragen kogin Kwara da Binuwai tsakanin Burutu, Lakwaja, Baro da Yola, ko ƙananan jiragen gwamnati na tashar Legas ƙarƙashin ma'aikatar Marine, wadda hukumar tashoshin jiragen ruwa ta gaji babban ɓangaren aikinta a 1955, ko kuma lodi da sauke kaya a Apapa. Wasu ma ba ma'aikata ba ne, fasinja ne. Sojojin runduna ta 81 da ta 82 sun tsallaka teku zuwa Indiya da Burma a 1943 da 1944, kuma takardar da lambarta ta fara da NA ta soja ce, ba ta ɗan jirgi ba. Fataken goro kuwa, irin su Alhassan Ɗantata a farkon ƙarni na 20, sun riƙa ɗauko kaya ta jirgin ruwa daga gaɓar Gana zuwa Legas, amma fasinjan da ke kwana a saman jirgi tsakanin tashoshin gaɓar ba kasafai ake rubuta sunansa ba.

Da tsohuwar zuma ake magani, saboda haka a fara da goggo da inna da duk wata tsohuwa da ta zauna gida ɗaya da shi. Kada a tambaye ta sunan kamfani, ba lalle ta sani ba. A tambaye ta tsawon lokacin da yakan yi bai dawo ba. Jiragen wasiƙu na Elder Dempster bayan yaƙi, wato Accra na 1947, Apapa na 1948 da Aureol na 1951, kimanin mako biyu suke yi tsakanin Legas da Liverpool, tafiya da dawowa da hutun tasha mako shida ke nan. Idan tsohuwa ta ce duk wata ɗaya da rabi yana gida, an rage zato zuwa jirage uku. Jiragen kaya sukan fi haka daɗewa, don sai sun bi Sapele, Warri, Fatakwal da Kalaba suna lodin katako, manja da gyaɗa. Idan da damina yake ɓacewa ya dawo da kaka, Binuwai ce, domin manyan jirage ba sa hawanta sai ruwa ya cika. Idan kuwa kullum a gida yake kwana, aikin tasha ne. A tambayi launin bututun hayaƙi idan akwai wanda ya taɓa raka shi Apapa: na Elder Dempster rawaya ne, na Palm Line kore ne da hoton bishiyar kwakwar manja.

Shekara kuma a ɗaure ta da abin da kowa ya sani. Kafin yajin aikin gama-gari na 1945 ko bayansa? Ya riga ya bar aiki lokacin zuwan Sarauniya a 1956? Yana raye aka yi canjin hannun tuƙi a 1972 da canjin kuɗi a 1973? Ya ga cinkoson jiragen siminti na 1975? A ɗauki hirar a waya da izinin mai maganar, a faɗi ranar da sunanta a farkon ɗauka, kuma a yi hira da kowa shi kaɗai, don idan an haɗa tsofaffi biyu, mai ƙarfin murya ce ke cinye labarin.

Sai a buɗe adaka da akwatin ƙarfe. Abin da ya fi komai daraja shi ne littafin sallama, ɗan littafi mai kauri da bai fi tafin hannu da kaɗan ba, wanda a bangon na zamanin Turawa aka rubuta Continuous Certificate of Discharge. A shafin farko akwai suna, shekara da garin haihuwa, tsayi, launin ido, alamomin jiki, hoto, da lambar sallama wadda ke bin mutum duk tsawon aikinsa. Gurbin alamomin jikin nan kada a raina shi, domin a nan akawu kan rubuta tsagar fuska, kuma ita ce ke raba Mamman ɗinku da wasu Mamman goma. A shafukan ciki kowace tafiya layi ɗaya ce: sunan jirgi da lambar rajistarsa, rana da tashar da aka ɗauke shi, muƙaminsa, rana da tashar da aka sallame shi, inda jirgin ya je, sai gurabe biyu na hatimi, ɗaya na iya aiki ɗaya na hali. Yawanci za a ga Very Good. Idan aka ga DR, kyaftin ya ƙi ba da shaida ke nan, abin da kan hana mutum samun jirgi na gaba, kuma sau da yawa shi ne dalilin giɓin shekara guda da ake gani a littafin. Muƙaman ma suna ba da labari. Fireman shi ne mai zuba kwal a wuta, trimmer shi ne mai turo kwal ɗin daga rumbu, aikin da ya fi kowane wahala da ƙarancin albashi, greaser mai shafa wa inji mai, steward mai hidimar ɗakuna da tebur. Mutumin da aka ga ya tashi daga trimmer zuwa greaser ya yi shekaru a ƙarƙashin jirgi cikin zafin da ba ya misaltuwa.

Lambar rajistar jirgin nan ita ce mabuɗin komai, kuma a nan mutane suka fi yin tuntuɓe. Kamfanoni suna maimaita suna. Apapa kaɗai, a ƙarni na 20, jirage uku ne: na 1914 wanda aka nutsar a 1917, na 1927 wanda jirgin saman Jamus ya nutsar a Nuwamba 1940, da na 1948. Abosso akwai na 1912 akwai na 1935. Wanda ya nemi takardun Apapa ba tare da shekara ba zai iya biyan kuɗi a aiko masa da na jirgin da ya nutse tun kakansa yana goye. Lambar rajista kuwa kamar lambar shasi ce a mota, ko an sake fenti an sauya suna tana nan muddin jirgin yana rajistar Birtaniya. Idan babu littafin sallama, ana samun lambar kyauta a shafin intanet na Crew List Index Project, wanda aka fi sani da CLIP, ko a kundin Lloyd's Register na shekarar. Sunayen jiragen ma sukan rikita iyali. Tsoho ya ce ya yi shekara biyu a Kaduna ko Kano, jikoki su ɗauka gari yake nufi, alhali Elder Dempster yana da jirgi mai suna Kaduna, Palm Line kuma tana da Kano Palm da Katsina Palm.

Da lamba da shekara a hannu, abin da ake nema shi ne takardar yarjejeniyar ma'aikata, wadda dokar Birtaniya ta wajabta wa kowane jirgi mai tafiya ƙetare. Kowane ma'aikaci yana da layi: suna, shekaru, garin haihuwa, adireshin gida, jirgin da ya baro, ranar shiga, muƙami, albashi, kuɗin da aka ba shi kafin tafiya, yadda ya bar jirgin, da sa hannunsa ko alamar gicciye idan bai iya boko ba. Takardun ba a wuri ɗaya suke ba, an rarraba su. Kimanin kashi 70 cikin 100 na shekarun 1863 zuwa 1938 da 1951 zuwa 1976 suna Kanada, a Maritime History Archive na Jami'ar Memorial da ke Newfoundland. Na shekarun da suka ƙare da 5, kamar 1925, 1935, 1955 da 1965, galibinsu suna gidan tarihin teku na Greenwich a Landan. Babbar ma'adanar takardun Birtaniya da ke Kew tana da kashi 10 cikin 100 na takardun kowace shekara, sannan ita ke riƙe da na 1939 zuwa 1950, na lokacin yaƙi a ƙarƙashin lambar BT 381. Na 1915 an riga an kwafe sunayen an sa a intanet, ana dubawa kyauta. Shafin ma'adanar Kanada yana ba mutum damar buga lambar jirgi ya ga shekarun da suke da su kafin ya biya ko kwabo, sannan ya rubuta musu ya nemi kwafi. A Kew kuma katin shiga kyauta ne, an kuma yarda mutum ya ɗauki hoton takarda da wayarsa, don haka ɗan uwa ko ɗalibi da ke Landan zai iya yin aikin a yini ɗaya idan an ba shi lambobi daidai kuma ya nemi a fito da takardun tun da wuri.

Gurbin jirgin da ya baro shi ne ke ba da damar ja da baya. An same shi a jirgi kaza a 1952, layinsa ya ce ya baro jirgi kaza. A nemo lambar wancan, a buɗe takardarsa ta 1951 ko 1952, a nan ma za a ga wanda ya gabace shi. Haka za a yi ta bi har a kai layin da aka rubuta First ship, wato tafiyarsa ta farko. Zuwa gaba ya fi wuya, domin takarda ba ta faɗin inda mutum zai je, sai dai a duba jiragen kamfanin da suka tashi daga tashar da aka sallame shi cikin makonnin da suka biyo baya. Sarƙar takan tsinke a wurare biyu. Idan akawu ya yi kasala ya rubuta Same ko ya bar gurbin fayau, ko kuma idan mutumin yana cikin waɗanda ake ɗauka a gaɓa don aikin lodi a sauke su kafin jirgi ya nufi Turai. Waɗannan sau da yawa ba sa shiga babbar yarjejeniya sam, kuma rashin ganin sunansu ba ya nufin tsohuwa ta yi ƙarya.

Yanzu ga maganar suna, wadda ta fi shafar mu. Akawun da ya rubuta sunan, Bature ne ko Saro (ɗan asalin Saliyo mazaunin Legas) ko Bayarabe, abin da kunnensa ya ji ya rubuta. Mamman ya koma Momo ko Momoh, Ibrahim ya koma Braimah ko Brimah, Garba ya zama Garuba ko Gariba, Usman ya zama Osuman, Audu ya zama Awudu, Musa wani lokaci har Moses. Sunan mahaifi ba kasafai yake fitowa ba, gari ne ke zama suna na biyu: Kano, Sokoto, Zaria, Katsena, Bautchi, ko kawai Hausa da tsohon rubutu Houssa. Wani kuma sunan da abokan aiki suka laƙa masa ne ya bi shi har cikin takarda, wani da littafin ɗan uwansa ya fara aiki ya ci gaba da amsa sunan. Saboda haka kafin a zauna gaban kwamfuta a rubuta kowane suna ta duk hanyar da kunnen baƙo zai iya jin sa, a gwada shi a gaba a gwada shi a baya, a kuma yi amfani da alamar tauraro a inda shafin ya yarda, misali a buga Gar da tauraro don ya kamo Garba da Garuba da Gariba gaba ɗaya.

Garin haihuwa ma kada a riƙe shi da ƙarfi. A dokar lokacin, haifaffen Legas ɗan ƙasar Birtaniya ne domin Legas mallakar kai tsaye ce, amma haifaffen Kano ko Sakkwato yana ƙarƙashin kariyar Birtaniya ne kawai. Bambancin yana da nauyi a tashoshin Ingila, musamman bayan dokar 1925 da ta tilasta wa ma'aikatan jirgi baƙar fata da ba su iya tabbatar da matsayinsu ba yin rajista da 'yan sanda a matsayin baƙi. Mutum mai hankali sai ya ce a Legas aka haife shi, ko Freetown. Ganin Lagos a takarda bai kore cewa Bakano ne ba. Shekarun haihuwa kuwa kintace ne, a ba shi sararin shekara biyar gaba da baya. Ƙa'idarmu a nan ita ce kada a karɓi mutum a matsayin kaka sai abu uku sun dace, misali suna da jirgi da tsagar fuska, ko suna da lambar sallama da adireshi. Suna kaɗai ya sa gidaje da dama sun rungumi kakan wasu.

Akwai 'yan wuraren da ake iya nema da suna kai tsaye, kuma ya kamata a gwada su. Katunan rajistar ma'aikatan jiragen kasuwanci na 1918 zuwa 1941, waɗanda ainihinsu ke ma'adanar birnin Southampton, suna shafin Findmypast, ana biya. Irin katin da ake kira CR10, na 1918 zuwa 1921, yana ɗauke da hoton mutum, kuma ga gidaje da yawa shi ne kaɗai hoton da zai taɓa fitowa. A fihirisar Kew ta intanet ana neman ambulan ɗin takardun ma'aikaci ƙarƙashin BT 372, da lambobin yabo na yaƙin farko ƙarƙashin BT 351 da na biyu ƙarƙashin BT 395. Ba kowa ke ciki ba, wanda bai taɓa sa hannu a tashar Birtaniya ba zai yi wuya ya fito. Idan jirgin ya taɓa zuwa Amurka, an dace, domin daga 1917 hukumar shige da fice ta can ta wajabta miƙa sunayen ma'aikata baƙi, kuma na New York suna shafin FamilySearch kyauta, da tsayin mutum da nauyinsa da yawan shekarun da ya yi a teku. Idan kuma akwai lambar yabo a gida a juya ta a duba gefenta. Na yaƙin farko an buga suna a baki, kuma ta tagulla mai ƙyalle kore da ja da siririn fari a tsakiya ta ma'aikatan jiragen kasuwanci ce tsantsa. Na yaƙin biyu Birtaniya ta raba su ba suna, don haka ba sa tabbatar da komai su kaɗai.

Gidan da labarinsu shi ne ya tafi lokacin yaƙin Hitila bai dawo ba, su fara da shafin hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen renon Ingila, CWGC a taƙaice. Ma'aikatan jiragen kasuwanci da teku ta ci an rubuta su a bangon tunawa na Tower Hill a Landan, su ma ƙarƙashin sunan jirgi. Elder Dempster ya yi asara mai yawa: Accra a Yuli 1940, Apapa a Nuwamba na shekarar, sai Abosso a 29 ga Oktoba 1942, inda mutum 362 suka halaka. Shafin uboat.net yana kawo sunayen mutanen jiragen da jiragen ƙarƙashin ruwa na Jamus suka nutsar. Rajistar mace-mace a teku tana Kew a BT 334. A nan gida kuma akwai kaburburan yaƙi a maƙabartar Yaba. Amma a sani cewa hukumar da kanta ta amsa a rahotonta na 2021 cewa fiye da mutum 100,000 na yaƙin farko, mafi yawansu 'yan Afirka, ba a rubuta sunayensu a ko'ina ba.

Duk abin da muka faɗa ya shafi jiragen da ke rajistar Birtaniya. Kamfanin jiragen ruwa na ƙasa, Nigerian National Shipping Line, an kafa shi a 1959 da haɗin gwiwar Elder Dempster da Palm Line, gwamnati ta saye hannun jarinsu a 1961, aka rushe shi a 1995. Jiragensa na farko sun haɗa da Dan Fodio, Oduduwa da King Jaja, daga baya aka zo da masu sunan koguna irin su River Niger da River Benue. Waɗannan tutar Najeriya suka ɗaga, ba a Kanada ko Kew za a same su ba. A nan hanya ta fi bi ta mutane: tsofaffin ma'aikatan kamfanin da ke raye a Apapa da Ajegunle, ƙungiyar ma'aikatan ruwa ta ƙasa, da hukumar kula da sufurin ruwa ta NIMASA wadda ke ba da littafin sallama a yau. A rubuta takarda a hukumance, a sa cikakken suna, lambar sallama, jirgi da shekaru, a riƙe kwafi mai hatimin karɓa. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba ɗan ƙasa damar neman bayani daga hukumar gwamnati, ko da yake bayanan da suka shafi mutum za a so shaidar dangantaka.

Ma'aikacin Marine ko na tasha, takardunsa a ma'adanar tarihi ta ƙasa da ke harabar Jami'ar Ibadan za a fara nema, cikin fayilolin babban sakatare masu lambar CSO da na kwamishinan Legas masu lambar COMCOL. Na kogi kuwa a je reshen Kaduna, a duba fayilolin sakataren lardunan Arewa masu lambar SNP da na lardin Lakwaja. A wuraren nan ba a miƙa suna a ce a nemo. Littafin jerin fayiloli ake ba ka, ka bi kanun ɗaya bayan ɗaya kana tsintar masu maganar albashi, fansho, diyyar hatsari, nutsewar jirgi ko koke-koken ma'aikata, sannan ka cike takardar neman fayil da lambarsa. A tafi da katin shaida da fensir, a ware kwanaki. Gazet ɗin gwamnati yana kawo ɗauka da ƙarin girma da ritayar ma'aikatan dindindin, amma mai albashin kullum ba ya ciki, kuma yawancin mutanenmu a wannan ajin suke. Su sai hatsari ko ƙara ko diyya ke shigar da sunansu fayil. Wanda ya yi wa kamfanin UAC aiki a jiragen Burutu, takardun kamfanin suna ma'adanar Unilever a Port Sunlight kusa da Liverpool, na Elder Dempster kuma suna gidan tarihin teku na Liverpool. Jaridu ma suna taimakawa wajen gane ranar shigowar jirgi da fitarsa, irin su Daily Times da West African Pilot, musamman a kan abu mai ƙara kamar yajin aikin da 'yan Najeriya ma'aikatan jirgin Apapa suka yi a Liverpool a 1959 kan wariyar launin fata, wanda ya sa aka kafa kwamitin bincike na Salubi. Ga labarin sojoji da 'yan Arewa, Gaskiya Ta Fi Kwabo tun daga 1939.

Wani lokaci a gurbin ƙarshe na yarjejeniya za a ga an rubuta Deserted. Ya sauka bai koma jirgi ba ke nan. Irin waɗannan sun zauna a Toxteth ta Liverpool, Butetown ta Cardiff, ko gabashin Landan, da yawa sun yi aure a can. Ana bin sawunsu ta ƙidayar 1921, rajistar jama'a ta Satumba 1939, da fihirisar aure da haihuwa da mutuwa ta FreeBMD wadda kyauta ce. Takardar aure ta Ingila tana ɗauke da sunan mahaifin ango da sana'arsa, to a nan ne sunan da kuka sani a gida kan fito. Mai shiga wannan bincike ya shirya wa abin da zai tarar, don yana iya gano 'yan uwa da ba a taɓa ambata ba, ko kabari a maƙabartar da ba ta Musulmi ba. A sanar da manyan gida kafin a tuntuɓi kowa, maganar nasaba da gado kuma a bar wa malamai.

Takardun da ke hannu, damshin Legas da gara da ambaliya ba sa jira. Kada a manne su da roba mai zafi, domin zafin yana ƙona tawada kuma ba a iya ɓarewa daga baya. Kada a liƙe yagaggen shafi da salatif, bayan 'yan shekaru zai bar tabo ya ci rubutun. A cire allura da ƙusar takarda masu tsatsa a hankali, a ɗauki hoton kowane shafi da hasken rana a inuwa, har da bango da shafukan da ba komai, waya a miƙe a kan takardar ba a karkace ba, a duba cewa lambobin hatimi suna karantuwa kafin a rufe. A tura hotunan ga mutum uku a gidaje daban. Ainihin littafin a sa shi tsakanin fararen takardu cikin akwati mai murfi, a ɗora a sama nesa da bango. Kuma kada a ba kowa ainihin takarda don ya ce zai karɓo wa iyali kuɗin fansho ko diyya daga Ingila, kwafi ya ishi duk mai gaskiya.

Roƙonmu gare ka, Malam Edita, shi ne ka ware ɗan gurbi ko da sau ɗaya a wata inda masu karatu za su aiko da sunan jirgi, shekara, muƙami da sunan da aka san mutum da shi a bakin ruwa, ba tare da adireshin kowa ba. Ma'aikatan jirgi ɗaya sukan fito daga unguwa ɗaya, kuma takardar yarjejeniya guda da gida ɗaya ya biya aka aiko masa tana ɗauke da sunayen duk abokan tafiyar, don haka za ta iya amfanar wasu gidajen. Muna kuma kira ga sarakunan Hausawa na Agege, Idi-Araba da sauran unguwanni su sa a ajiye littafi a fada da wani matashi mai waya mai kyau, duk wanda ya kawo littafin sallama ko lambar yabo a ɗauki hoto nan take a gabansa, a rubuta lambar jirgi da shekara, a mayar masa da kayansa kafin ya tashi.

Wassalam.

Naku,
Wasu masu nazarin tarihin iyali,
Agege, Legas.